Wa Ya Ba Ka Mudun Auna Sujadar Wani?

Ya kai ɗan'uwana cikin Almasihu, ka san Lahadin nan da 'yan tawagar bishara ke ba da rahoto. Ikilisiya ta yi baiko na musamman, Zumuntar Mata ta ba da gudummawarta, dattawa sun ɗora musu hannu an sallame su. Bayan mako biyu ko uku sun komo, fasto ya ba su 'yan mintoci bayan sanarwa su faɗi abin da suka gani. Za ka ji labarin hanya da wahalarta, da abincin da ya ƙi zama a ciki, da yawan waɗanda suka ɗaga hannu suka karɓi Ubangiji. Daga nan sai a zo kan sujadar mutanen can, to a nan nake so ka kasa kunne, gama magana biyu ce ke fitowa kusan kullum. Wani ya ce, "Suna da himma ƙwarai, sai dai sujadarsu ba ta da tsari, suna bukatar koyarwa." Wani kuma ya ce, "Ba su da komai a duniya, amma ku zo ku ga murnarsu!" Jama'a su amsa wa kowanne da amin. Ni kam ban yarda da ko ɗaya ba, ina kuma so in ja ka zuwa gefena.

Mai maganar fari ya tafi a matsayin alƙali, mai ta biyu ya tafi a matsayin ɗan kallo. An aike su su yi zumunta da 'yan'uwansu, amma dukansu biyu a bakin ƙofa suka tsaya har suka komo gida.

Bari mu fara da alƙalin, domin shi ne ya fi yawa a cikinmu, shi ne kuma ake wa kallon mai zurfin ruhaniya. Ya bar gida da mudu a cikin jakarsa. In ka leƙa mudun nan me za ka gani? Waƙar buɗewa daga Littafin Waƙoƙi, addu'a, karatun nassi, ƙungiyoyi su raira ɗaya bayan ɗaya, sanarwa, baiko, wa'azi na minti arba'in, a sa albarka, a tashi kafin rana ta take tsaka. Kowa a kan benci, fuska na duban bagadi. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. A cikinsu aka rene mu, ta wurinsu kuma Allah ya ciyar da kakanninmu da iyayenmu. Amma ka tambayi alƙalin nan a wace kasuwa aka sassaƙa mudunsa. Masu bishara daga Kanada da Ingila da Amurka da Denmak ne suka kawo mana wannan tsari, yadda suka gada a majami'un ƙasashensu. Yawancin muryoyin da ke cikin littafin waƙoƙinmu a can aka tsara su, aka ɗora musu kalmomin Hausa daga baya, shi ya sa wani lokaci karin waƙar ke hawa a inda karin kalmar ke sauka, har Bahaushen da bai saba ba ya kasa gane abin da ake faɗa. Mun karɓa, mun ƙaunace su, sun zama namu. Sai dai zama namu bai mai da su dokar Sina'i ba. Ka ce masa ya buɗe maka ayar da ta umarci benci, ko wadda ta ƙayyade sujada ga sa'a biyu. Zai yi ta juya shafi har rana ta faɗi.

Littafi Mai Tsarki ya ajiye mana labarin alƙalai irin wannan, bai kuwa yaba wa ko ɗayansu ba. A Shilo, Hannatu tana zuba zuciyarta gaban Ubangiji, leɓunanta na motsi, muryarta ba ta fita. Eli firist, mutumin da ya tsufa a hidimar ɗakin Allah, ya dube ta ya yanke hukunci cewa ta bugu. Shekaru fiye da dubu bayan haka, a ranar Fentikos, almajirai suna shelar manyan ayyukan Allah da harsuna dabam dabam, sai waɗansu masu ba'a suka ce ruwan inabi ne ke aiki. Ka lura da wannan, ɗan'uwa. An ga mai shiru an ce maye ne, an ga masu ɗaga murya an ce maye ne. Ashe laifin yana cikin idon mai kallo. Mikal kuwa ta taga ta leƙo, ta ga Dawuda yana rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, ta raina shi a zuciyarta. 'Yar sarki ce, ta san yadda ya kamata sarki ya taka ƙasa. Sanin nan nata ne ya tsare ta a taga a ranar da dukan Urushalima ke kan titi.

Akwai wani tarihi da ya kamata kowane mai shirin tafiya bishara ya sani kafin ya ɗaure kayansa, tarihin kuma ya shafe mu, domin ƙungiyar SIM da ta yi aiki a ƙasarmu tun zuwan Gowans da Kent da Bingham a 1893, ita ce ta shiga Habasha a 1927 ƙarƙashin jagorancin likita Thomas Lambie. Suka gangara kudu zuwa ƙasar Wolaita, suka zauna a garin Sodo. Mutanen Wolaita sun sha wuya kafin lokacin. Sarki Menelik ya ci ƙasarsu da yaƙi a 1894, aka kwashi da yawa cikinsu bayi, waɗanda suka rage kuma suna zaune cikin tsoron iskoki da bokaye. Aikin bishara ya tafi a hankali ƙwarai. Sai a ƙarshen 1933 aka yi baftisma ta fari. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, a 1937 kuma sojojinta suka fitar da masu bisharar daga Sodo. Masu bi da aka yi wa baftisma a ranar rabuwar nan arba'in da takwas ne. Abin da aka bar musu a harshensu bai wuce Bisharar Markus da 'yan ayoyi ba. Ba littafin waƙoƙi mai kauri, ba makarantar tauhidi, ba wanda zai tsara musu yadda za a buɗe sujada da yadda za a rufe ta.

Sa'ad da aka kori Italiya, masu bishara suka sami hanyar komowa a farkon shekarun 1940, suna fargabar ko za su tarar da sauran masu bi. Suka tarar sun haura dubu goma, ikilisiyoyi sun bazu a kan tuddai. A tsakanin shekarun nan an yi wa shugabanninsu bulala, an jefa su kurkuku. Wani mai bishara cikinsu, Wandaro, an yi masa dūka a bainar jama'a har jikinsa ya yayyage, bai kuwa daina shaida ba. Da me suka yi sujada duk tsawon lokacin? Da waƙoƙin da suka tsara da kansu, a kan karin ƙasarsu, mai bayarwa ya bayar jama'a su amsa, suna kiran Allah da sunan da kakanninsu suka san shi da shi, wato Tosa. Waƙoƙin nan ne suka ɗauki koyarwa daga ƙauye zuwa ƙauye a wurin mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba. Daga wannan tushe ikilisiyar Kale Heywet ta tsiro, ma'anar sunan kuwa Maganar Rai, yau tana da miliyoyin mambobi. Bayan haka mulkin soja na Derg, daga 1974 zuwa 1991, ya rufe majami'u masu yawa a kudancin ƙasar, ya ɗaure masu bi. Mawaƙin bishara Tesfaye Gabbiso ya yi shekara bakwai a kurkuku, waƙoƙinsa kuma suna yawo a bakin mutane a waje.

To, zuwa ga jikokin waɗannan mutane ne na taɓa bin wata ƙaramar tawaga, muka yi Lahadi a wata majami'ar ƙauye a gefen Sodo, dutsen Damota na tsaye a kanmu cikin hazo. An ce mana za a fara da ƙarfe uku. A lissafin Habasha ana ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe ukunsu shi ne taran safe a wurinmu. Tun kafin lokacin ɗakin ya cika. Da aka ce a yi addu'a, sai dukan jama'a suka zube, goshi a ƙasa ko a kan benci, kowa yana magana da Allah da muryarsa, ɗakin ya ɗauki wani irin amo kamar na ƙudan zuma a cikin amya. Aka daɗe a haka. Sa'an nan wani dattijo ya miƙe ya ba da waƙa, jama'a suka amsa, ya sāke bayarwa suka sāke amsawa, baiti yana bin baiti, jikuna suna rangaji gaba da baya kamar dawa a gona in iska ta taso. Duk inda aka ambaci sunan Yesu cikin waƙar, sai mata su rangaɗa guɗa. Guɗar nan ba ta bambanta da ta matanmu ranar kai amarya ba ko kaɗan. Ban san kalma goma a harshensu ba, amma na san wanda ake yi wa guɗar. Wata tsohuwa kusa da ni tana waƙa hawaye na zuba, fuskarta kuma cike da fara'a, sai na tuna da ranar da aka kafa harsashin Haikali, kamar yadda Littafin Ezra ya faɗa, sa'ad da sowar murna da kukan tsofaffi suka gauraye har ba mai iya rarrabe su.

Da muka fito, ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ya duba agogonsa ya ce an wuce sa'a huɗu, an maimaita baiti ɗaya fiye da kima, addu'ar kowa da kowa a lokaci guda kuma ruɗu ce. In da za a ba shi mako guda da shugabanninsu, da ya gyara musu tsari. Ka ji fa! Mutumin da bai taɓa kwana ɗaya a kurkuku saboda sunan Yesu ba, yana neman mako guda ya koya wa jikokin Wandaro yadda ake sujada. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Makantar baƙo ba abin kunya ba ce in ya yarda a riƙe masa sanda. Abin kunyar shi ne ya ce shi zai ja gora.

Na san abin da za ka ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za ka ce Manzo Bulus ya umarci Korantiyawa su yi kome da ladabi da tsari. Gaskiya ne. Amma ka koma ka karanta surar nan ta goma sha huɗu tun daga farkonta, ka ga irin taron da yake tsarawa. Taro ne da wannan ke zuwa da waƙa, wancan da koyarwa, wani da wahayi, wani da harshe, wani da fassara. Manzon bai hana su ba. Ya ce a yi bi da bi domin kowa ya ƙaru. Ma'aunin da ya bayar shi ne ginuwar ikilisiya da fahimtar mai saurare. Jama'ar da na gani a Wolaita sun san lokacin zubewa da lokacin tashi, sun san wanda ke bayarwa da inda ake amsawa, ba wanda ya katse wani. Tsari ne cikakke, baƙon ne kawai bai iya karanta shi ba.

Za ka kuma ce, kai da ka san tarihin ƙasar nan, ai ganga da rawa da guɗa kayan bori ne da tsafi, iyayenmu da suka tuba sun bar su da gangan. Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata dariya ba. Mutumin da garaya ta taɓa kira wa iska a kansa, in ya ce ba ya son jin amonta a ɗakin Allah, lamirinsa ne ke magana, wajibi ne a girmama shi, kamar yadda Bulus ya ce a yi da mai raunin lamiri game da naman da aka miƙa wa gumaka. Amma kada a mai da jinyar mutum ɗaya ta zama dokar dukan al'ummai har abada. In duk abin da aka taɓa yi wa iskoki hidima da shi ya haramtu, to da wane harshe za mu yi addu'a? Da Hausar nan aka yi kirarin bori kafin a fassara Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Dubi tulun da Zumuntar Mata ke bugawa kowace Lahadi. 'Yan'uwansa tuluna sun ɗauki burkutu, waɗansu an binne su a gindin tsamiya da jinin kaza. Matanmu suka ɗauko tulu, suka haɗa shi da caki, suka tsara waƙoƙi a kan karin gida, yau kuwa waƙoƙin nan sun koya wa mutane labarin Littafi Mai Tsarki fiye da wa'azi dubu. Wanda ya ji daɗin tulun matan ikilisiyarsa, sa'an nan ya je wata ƙasa ya ɓata fuska don ya ji gangarsu, ya taka nasa tudun yana hango na wani.

Ba cewa nake duk abin da aka yi da sunan sujada karɓaɓɓe ne ba. Nadab da Abihu sun miƙa wutar da ba a umarce su ba, suka mutu. Ta bakin Amos, Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙin mutanen da ke tattake matalauta. Akwai gwaji, gwajin kuwa yana da tsanani. Wa ake ɗaukaka a cikin waƙar, Almasihu ko mai waƙar? Abin da ake faɗa ya yi daidai da Maganar Allah? Mutanen da suka fito daga ɗakin suna gaskiya a kasuwa, suna jinƙan gwauraye da marayu? Waɗannan tambayoyi ne masu wuya, ba a amsa su da agogo, ba a kuma amsa su a Lahadi guda. Sai ka zauna, ka nemi mai fassara ya faɗa maka abin da baitin ke cewa, ka ci abinci a gidajensu. Alƙalinmu bai tambayi ma'anar baitin da ya ce an maimaita fiye da kima ba. Ni na tambaya. Baitin yana cewa ne Yesu ya kwance su daga tsoron da ya ɗaure kakanninsu. Sau nawa ya kamata mutum ya faɗi wannan kafin a ce ya isa?

A ƙasar Habasha ɗin nan kuma akwai wata tsohuwar ikilisiya, ta Orthodox, wadda ta kafu tun ƙarni na huɗu a zamanin Sarki Ezana na Aksum. Muna da bambancin koyarwa da su a kan abubuwa masu muhimmanci, ba na ɓoye wannan. Amma yana da kyau mai mudu ya san cewa suna buga babbar gangarsu, kebero, a gaban Allah, suna kaɗa ƙararrawar hannu, suna tuɓe takalma a ƙofar majami'a, suna tsayuwa sa'o'i jingine da sandar addu'a, a kan tsarin waƙa da suke dangantawa da Yared na ƙarni na shida. Suna yin haka tun ƙasashen da suka aiko mana da benci ba su gama jin bishara ba.

Yanzu ga ɗan kallo. Shi ba ya kushe kowa, yabo ma yake yi, shi ya sa cutarsa ta fi wuyar ganewa. Da aka fara waƙa sai ya zaro waya. Sujadar da aka yi sa'a huɗu ana yi, ta cikin gilashin waya ya gan ta, yana zagaya masu addu'a yana neman fuskar da ta fi ban tausayi. Ya komo gida ya ɗora a Facebook, ya rubuta a ƙasa cewa ba su da komai amma suna murna. Ka auna maganar nan da kyau. Wa ya ce ba su da komai? Suna da Almasihu, suna da ikilisiya da ta tsaya a gaban Italiya da Derg, suna aika nasu masu bishara da kuɗin bunnan gonarsu. Abin da ba su da shi, shi ne irin motarsa da irin takalminsa, shi ke nan sai ya kira su marasa komai. Maganarsa ta tona abin da yake ƙirgawa a matsayin dukiya. Tana kuma da wani mugun amfani, tana kwantar wa mai ita da hankali. In talauci da murna tare suke tafiya, me zai sa ya damu da rijiyar da ba su da ita ko asibitin da ke nesa da su? Ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan magana, domin a kanmu aka fara faɗinta. Baƙi nawa suka zo majami'unmu suka ɗauki hoton matanmu suna rawa da baiko, suka koma ƙasarsu suka ce haka? Sa'ad da 'yan'uwanmu na EYN suka watse daga garuruwansu a Borno da Adamawa a 2014, har hedkwatarsu da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan, sun yi ta raira waƙa a sansanonin gudun hijira. Wanda ya ga wannan ya ce "ku ga yadda suke murna" kamar yana kallon wasan sallah, bai fahimci kome ba. Irin waƙar Bulus da Sila ce a kurkukun Filibi da tsakar dare, bayansu na zub da jini. Mai tsaron kurkukun da ya ji abin da ya faru a daren nan, faɗuwa ya yi yana rawar jiki yana tambayar hanyar ceto.

Kada matasanmu su ɗauka na goya musu baya a kan dattawa. Akwai sabon alƙali da ya taso, mudunsa lasifika ce. A wurinsa in ba a kunna janareta ba, ba a jona kayan kiɗa na lantarki ba, ba a raira waƙar Turanci da aka koya a intanet ba, to Ruhu bai sauko ba. Na ga irinsa ya je wurin masu bi Fulani, waɗanda ke zaune a kan tabarma a gindin itace, sun tuɓe takalma, suna addu'a da murya ƙasa ƙasa cikin fulakon da aka rene su da shi, sai ya ce sujadarsu ta mutu, su tashi su yi tsalle. Bai san abin da ya ci wa kowannensu kafin ya zauna a tabarmar nan ba. Waɗansu sun rasa shanu, waɗansu mata da 'ya'ya. Murnar Bafulatanin da ya rasa garkensa saboda Almasihu, ya kuma zo ya zauna shiru a gabansa, ba ta bukatar lasifika ta tabbatar da ita. Eli ne ya sāke dawowa, wannan karon da makirufo a hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu, masu sujada da Hausa, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan darasi. Dubi bencin da kake zama ranar Lahadi. Na damanka Birom ne, na hagunka Tangale, a gabanka Bajju da Gbagyi, a bayanka Bura da Angas da Bahaushe daga Kano ko Katsina. Da yawa cikinmu ba da Hausa uwa ta yi mana reno ba. Aron harshen muka yi domin mu iya yabon Allah da baki ɗaya. Ranar bikin godiya kowace kabila takan fito da waƙarta da rawarta, sauran jama'a su tafa ko ba su ji kalma ɗaya ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mun kuwa koyi jin daɗin kukan juna a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wahayin da aka nuna wa Yahaya a tsibirin Batmusa, na taro mai yawa daga kowace al'umma da kabila da harshe a gaban kursiyin, muna ɗanɗana shi kowane mako ba tare da mun sayi tikitin jirgi ba. Yaya za a yi mutumin da aka rena a irin wannan ɗaki ya ƙetare iyaka ya zama Mikal?

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana yadda baƙon kirki yake. Labari ya kai Urushalima cewa Helenawa a Antakiya sun ba da gaskiya, mutanen da ba su san kaciya ba, ba su san ƙa'idodin Haikali ba. Ikilisiya ta aiki Barnaba ya je ya gani. Ka tuna Barnaba Balawe ne. In akwai wanda ya san yadda ake tsara sujada daidai, ƙabilarsa ce. Yana da mudu fiye da na kowa. Luka ya ce da ya isa ya ga alherin Allah, sai ya yi murna, ya kuma gargaɗe su su manne wa Ubangiji. Abin da ya je nema ke nan, shi ya sa ya gan shi. Bai tsaya ga murna kawai ba, ya tafi Tarsus ya nemo Shawulu, suka zauna shekara guda cur suna koyarwa. Koyarwa ta zo, amma bayan murna, daga bakin mutanen da suka zauna har suka zama 'yan gari. Ikilisiyar nan ta Antakiya ce daga baya ta aika gudummawa Yahudiya lokacin yunwa, ita ce kuma ta sallami Barnaba da Shawulu zuwa ga al'ummai. A garin nan dai Bitrus ya ja jiki daga cin abinci da al'ummai sa'ad da masu mudu suka zo daga Urushalima, Bulus kuwa ya tsauta masa a gaban kowa. Har Barnaba ma ya karkata a ranar. In ya iya karkata, kada ka ɗauka kai ka fi ƙarfin wannan jarraba.

Saboda haka ina da roƙo ga kwamitin bishara na ikilisiyarku, kai kuma ka kai musu in kana da bakin magana a can. Kafin a sallami tawaga ta gaba, a zaunar da su a koya musu tarihin ikilisiyar da za su ziyarta, wa ya kawo mata bishara, wa ya sha bulala dominta. A gaya musu waya ta zauna a aljihu daga addu'ar buɗewa har a sa albarka, hoto kuma sai da izinin mai fuskar. A hana su hawa bagadi su gyara wa kowa tsari a ziyarar fari. In masu gida suka zube ƙasa su zube, in suka tuɓe takalma su tuɓe, in suka yi shiru su yi shiru. Ranar rahoto kuma, bayan labarin hanya da na abinci, fasto ya tambaye su waƙa ɗaya da suka koyo a harshen mutanen can, su faɗi ma'anarta baiti baiti, su bayar jama'a su amsa, matan Zumunta su nemo mata kiɗa a kan tulu.